Tsoro a Fim da Tsoro a Wasan Bidiyo: Nazari daga Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

1.0 Gabatarwa

Akwai wata gardama da samari kan tayar a majalisun hira da gidajen kallo na Funtuwa da Malumfashi da garuruwan da ke kewaye da su, wato ko wasan bidiyo na ban tsoro yana iya tsorata mutum tsoro na haƙiƙa kamar yadda fim yake yi. Masu goyon bayan fim suna cewa a fim mutane ake gani masu jini da tsoka suna kuka suna neman ceto, alhali abin da ke cikin wasa zane ne da na'ura ta ƙaga, kuma ba a taɓa jin inda 'yartsana ta kori mai ita ba. Masu goyon bayan wasa kuwa suna cewa mai kallon fim ɗan kallo ne kurum, ko ya rufe ido ko ya buɗe labari zai kai ƙarshensa, amma mai wasa shi ake farauta.

Mai yiwuwa wani ya ga wannan gardama ba ta cancanci shiga mujallar nazarin Hausa ba. To amma idan aka lura, tsoro daɗaɗɗen jigo ne a adabin Bahaushe, tun daga tatsuniyoyin Dodo har zuwa waƙoƙin wa'azi masu siffanta kabari da wuta. Duk wata sabuwar hanya da ta shigo ƙasar Hausa tana sarrafa wannan jigo, haƙƙin manazarci ne ya dube ta da ma'aunin da yake duban sauran. Manufar wannan maƙala ita ce a rarrabe ire-iren tsoro kamar yadda harshen Hausa ya rarrabe su, a duba yadda gargajiya ta sarrafa su, sannan a auna fim da wasan bidiyo a kan kowane iri, tare da la'akari da halin da mai kallo da mai wasa suke ciki a kudancin Jihar Katsina.

2.0 Ire-iren Tsoro a Bakin Bahaushe

Babban abin da yake hana gardamar ƙarewa shi ne kowane ɓangare yana amfani da kalmar tsoro, amma abin da suke nufi da ita ya bambanta. Harshen Hausa kuwa ya riga ya yi rabon, kuma ana iya fitar da kashi huɗu daga cikinsa.

Kashi na farko shi ne firgita ko razana. Wannan abu ne na farat ɗaya, kamar manomi yana tafiya a kunya sai fakara ta tashi fir daga ƙarƙashin ƙafarsa. Gabansa zai faɗi, amma kafin ya yi taku goma ya dawo hayyacinsa, har ma ya yi wa kansa dariya.

Kashi na biyu shi ne fargaba ko zullumi, wato tsoron abin da bai riga ya faru ba. Shi ne zaman ɗar-ɗar, shi ne ake cewa cikin mutum ya ɗuri ruwa. Firgita takan zo ta wuce, amma fargaba tana iya ɗaukar wuni guda, kuma rashin sanin lokacin da abin zai auku shi yake ciyar da ita.

Kashi na uku shi ne ƙyama mai tayar da tsigar jiki, irin wadda ganin mushe ko mummunan rauni yake jawowa. Mutum ba ya gudu domin abin zai cuce shi, yana kau da kai ne domin ransa ba ya son gani.

Kashi na huɗu ba shi da kalma guda, amma kowa ya san shi, kuma a wannan maƙala za a kira shi tsoro mai kwana. Shi ne wanda yake bin mutum gida bayan an tashi daga hira, ya hana shi zagayawa bayan ɗaki da dare, ya mayar masa da rigar da ke rataye a ƙusa mutum a tsaye.

Irin wannan rabo ba baƙo ba ne ga manazartan wasu ƙasashe. Marubuciyar Ingila Ann Radcliffe, a wata maƙala da aka buga a 1826 bayan rasuwarta, ta bambanta tsoron da ke farkar da hankali saboda abin bai bayyana sarai ba da wanda ke daskarar da mutum saboda munin abin da ya gani. Haka kuma masanin ƙwaƙwalwa Joseph LeDoux, a littafinsa na 1996, ya yi bayanin cewa saƙon haɗari yana da gajeriyar hanya a ƙwaƙwalwa wadda take motsa jiki kafin tunani ya gama tantance abin da ido ya gani. Bahaushe ya daɗe da lura da haka, shi ya sa ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Wannan kaɗai ya isa ya raunana hujjar masu cewa abin da ke cikin wasa zane ne kurum, domin jiki ba ya tsayawa tambayar ko tsumma ne ko maciji kafin ya yi tsalle.

3.0 Tsoro Mai Takunkumi a Gargajiya

Me ya sa mutum zai biya kuɗi ko ya hana kansa barci domin a tsorata shi? Masanin falsafa Noël Carroll ya keɓe babban sashe na littafinsa na 1990 ga wannan tambaya. A ƙasar Hausa wasan kura ya ba da amsa a aikace. Gardi yakan shigo kasuwa da kura a sarƙa, bakinta da takunkumi, jama'a su yi da'ira. Idan ta yi wawar wani gefe sai a watse da ihu, idan gardi ya janye ta sai a dawo ana dariya, har a yi masa kari. Kurar ta gaskiya ce, faɗuwar gaban ma ta gaskiya ce, amma kowa ya san akwai takunkumi kuma akwai mai riƙe da sarƙa. Da a ce takunkumin zai fita, da wasa ya ƙare nan take. Duk wani adabi na ban tsoro a kan wannan ƙa'ida yake tafiya.

Gargajiya ta san hanyoyi biyu na sarrafa wannan tsoro. Ta farko ita ce hanyar saurare, kuma tatsuniya ce babban misalinta. A karkarar Funtuwa da Malumfashi, kamar sauran ƙasar Hausa, da dare ake tatsuniya, musamman bayan an kawar da amfanin gona an sami sararin hira. Tsohuwa ita take riƙe da labari, ita take sanin inda za ta sassauta murya da inda za ta ɗaga. Idan aka duba tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tara, aka buga tsakanin 1911 da 1913, da waɗanda A. J. N. Tremearne ya buga a 1913, da kuma na Ibrahim Yaro Yahaya da suka fara fitowa a 1971, za a ga ba a cika tsayawa siffanta Dodo daki-daki ba. Akan ambaci girmansa da haɗiyar mutane da yake yi, sauran kuwa a bar wa yaro ya ƙarasa da kansa. Saboda haka kowane yaro da Dodonsa, kuma wanda ya ƙera wa kansa shi ya fi dacewa da tsoronsa.

Hanya ta biyu ita ce ta shiga ciki, kuma misalinta shi ne wasan ɓuya na yara a farin wata. Yaron da ya laɓe a bayan rumbu ya san sarai cewa mai nemansa abokinsa ne, amma idan ya ji takun ƙafa na matsowa sai ya riƙe numfashi, zuciyarsa na bugawa. Ba wanda ya ba shi labari. Shi ya zaɓi maɓoyarsa, shi zai yanke shawarar ko ya zauna ko ya ruga, kuma in an kama shi laifin zaɓinsa ne.

Idan aka fahimci waɗannan hanyoyi biyu, to an fahimci asalin gardamar. Fim jikan tatsuniya ne, wasan bidiyo kuwa jikan ɓuya ne.

4.0 Yadda Fim Yake Tsoratarwa

Hoto mai motsi ya fara isa karkarar ƙasar Hausa ne ta hanyar majigi, wato motocin gwamnatin mulkin mallaka da ke yawo gari-gari suna nuna finafinan wayar da kai. Daga cikin waɗanda tsofaffi suke tunawa akwai Baban Larai na shekarun 1950, wanda ya shafi noman auduga, sana'ar da aka san wannan yanki da ita. A birane kuwa gidajen silima sun riga sun kafu, kamar Rex da aka buɗe a Kano a 1937. Ta silima, daga baya kuma ta kaset ɗin bidiyo, finafinan Indiya da na Amurka suka shiga gidaje, cikinsu har da na ban tsoro, irin su Nagin na 1976 mai labarin macijiya da ke rikiɗa mace domin ɗaukar fansa, da The Evil Dead na 1981, da finafinan 'yan'uwan nan na gidan Ramsay kamar Purana Mandir na 1984. Da finafinan Hausa na bidiyo suka fara da Turmin Danya a 1990, su ma ba su daɗe ba suka shiga sarrafa labaran aljanu da bokaye da matsafa.

Ƙarfin fim yana ga abu uku. Na farko, mai shirya fim shi yake riƙe da idon mai kallo. Shi yake zaɓar abin da za a gani da abin da za a ɓoye, da tsawon lokacin da za a daɗe ana kallon ƙofa kafin ta buɗe. A fim ɗin Psycho na Alfred Hitchcock, wanda ya fito a 1960, da ƙyar ake ganin wuƙa ta taɓa jikin matar da aka kashe a wurin wanka. Saurin sauya hoto da kukan goge mai kaifi su suka sa mai kallo ya rantse ya ga abin da ba a nuna masa ba. Hitchcock ɗin kuma shi ne ya kawo misalin bam a ƙarƙashin tebur: in ya tashi ba zato, an firgita mutane na ɗan lokaci, amma in an nuna musu shi tun da fari alhali mazauna teburin ba su sani ba, to an jefa su cikin fargaba har tsawon hirar.

Na biyu, fim yana da fuskar ɗan Adam. Gwanin ɗan wasa yana iya nuna tashin hankali da ƙwayar ido kaɗai, kuma tsoro yana yaɗuwa daga fuska zuwa fuska kamar hamma. A nan tsoro yake haɗuwa da tausayi, abu biyun da Aristotal ya ce su ne ginshiƙin wasan kwaikwayo mai ban takaici. Abin da ya girgiza masu kallon The Exorcist a 1973, har aka ruwaito wasu sun suma a gidajen silima, bai tsaya ga munin fuskar yarinyar da shaiɗan ya shiga ba. Akwai kuma halin uwar da ke kallon 'yarta tana lalacewa ba ta da abin yi.

Na uku, mai kallo ba shi da iko. Yana ganin yarinya za ta shiga ɗakin da bai kamata ba, yana yi mata tsawa daga inda yake zaune, amma ba ta ji. Wannan rashin iko wani nau'in azaba ne. Sai dai kuma a nan raunin fim yake, domin wanda ba shi da iko ba shi da alhaki. Yana iya rufe ido, ko ya duba wayarsa, ko ya fita shan ruwa, ya dawo ya tarar an wuce wurin.

5.0 Yadda Wasan Bidiyo Yake Tsoratarwa

Wasan bidiyo na ban tsoro ya kankama ne da Alone in the Dark, wanda aka yi a Faransa a 1992, sannan Resident Evil na kamfanin Capcom na Jafan, wanda Shinji Mikami ya jagoranta a 1996 a kan na'urar PlayStation, ya yaɗa shi duniya. Wasa ya ari dabarun fim da yawa, kamar duhu da sauti da ɓoye abin tsoro, amma ya ƙara abu guda wanda fim ba shi da shi: ya miƙa wa mai kallo linzami. Idan mai wasa ya isa bakin ƙofa ya ji gurnani a bayanta, labari zai tsaya cik har sai ya danna da yatsansa. Rufe ido ba ya fitar da shi. Dole shi da kansa ya tura kansa inda ba ya son zuwa.

Akwai shaida a kan wannan daga nahawu, wadda duk wanda ya saurari matasa zai iya tabbatarwa. Mai ba da labarin fim da wakilin suna na mutum na uku yake magana: ya kama ta, sun kashe shi. Mai wasa kuwa da na mutum na ɗaya yake magana: ya gan ni, ya biyo ni, na mutu. Ba wanda ya koya masa haka. Harshe ne ya fallasa inda ya ajiye kansa.

Masu ƙera waɗannan wasanni sun gano cewa fargaba tana ƙaruwa gwargwadon raunin mai wasa, don haka suka yi ta rage masa ƙarfi. A Resident Evil na farko harsashi ƙidayayye ne, jakar kaya ƙarama ce, kuma ba a iya adana inda aka kai sai an sami keken rubutu da zaren tawadarsa, wanda shi ma ƙidayayye ne. Ke nan kowane harbi shawara ce, kamar ta magidancin da hatsinsa ya yi ƙasa a rumbu tun damina ba ta yi nisa ba. A Silent Hill na kamfanin Konami, 1999, wani uba ne yake neman 'yarsa a garin da hazo ya rufe. Asalin hazon dabara ce ta ɓoye gazawar na'ura wajen zana abin da ke nesa, amma sai ya zama jigon tsoron, domin akwai 'yar rediyo da take fara shashsheƙa idan wani abu ya matso, mai wasa yana jin haɗari amma ba ya ganinsa. Wanda ya taɓa bin hanyar Funtuwa zuwa Bakori da asuba a tsakiyar hunturu, ko ya ratsa gonar dawa da ta fi tsawon mutum, ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan hali.

Wasu wasannin sun ƙara gaba. A Fatal Frame na 2001 makamin kawai shi ne kyamara, kuma sai an tsaya an fuskanci fatalwa ta matso kusa sannan hoton yake yi mata illa sosai, wato an tilasta wa mai wasa kallon abin da yake son kau da kai daga gare shi. A Amnesia: The Dark Descent na 2010 ba makami ko ɗaya, sai fitila mai ƙarancin mai. Zama a duhu yana taɓa hankalin tauraron, haske kuwa yana tona asirinsa. A Alien: Isolation na 2014 dabbar da ke farauta ba ta bin hanya guda tsayayya, tana bin motsi da ƙara, saboda haka haddace wuri ba ya wadatarwa. Har ƙaramin wasan waya mai suna Granny, na 2017, a kan wannan tsari yake: an kulle mutum a gida, yana da kwana biyar ya tsere, wata tsohuwa tana jin duk abin da ya faɗi ƙasa, mafakarsa ƙarƙashin gado ko cikin kabad. Wannan wasan ɓuya ne tsantsa, an dai sauya masa dandali.

6.0 Inda Wasa Yake Gazawa

Duk da haka, linzamin da ya ba wasa ƙarfi shi ne kuma yake karya shi. A fim wanda ya mutu ya mutu, amma a wasa mutuwa komawa baya ce kurum. Karo na farko da Dodo ya kama mai wasa, hantar cikinsa za ta kaɗa. Karo na biyar haushi zai ji. Karo na goma ya riga ya gane ta ina yake fitowa da inda ganinsa ya tsaya, ya daina kallonsa a matsayin Dodo, ya koma kallonsa a matsayin lissafi. An tambayi ido wa ya raina, ya ce wanda yake gani yau da gobe. Fim yana ƙarewa cikin sa'a biyu kafin raini ya shiga, wasa kuwa yana iya cin sa'a goma ko fiye.

Haka nan ƙwarewa tana kashe tsoro. Gwanin wasa mai bindiga cike da harsashi mafarauci ne, ba abin farauta ba. An ga haka a Resident Evil 5 na 2009, wanda aka gina labarinsa a wata ƙagaggiyar ƙasa ta Afirka. Yawancinsa da rana tsaka ake yi, da manyan makamai, kuma mutum biyu suna iya yi tare, shi ya sa da yawa daga masu sharhi suka ɗauke shi wasan faɗa maimakon na tsoro. Ya kuma sha suka a kan yadda ya nuna Bature yana harbin tarin baƙaƙen fata. Daɗin daɗawa, tun da mai wasa ne yake juya ido inda ya so, yana iya kasancewa yana duban bango a daidai lokacin da aka shirya masa abin razana, abin da ba ya faruwa a fim.

7.0 Muhallin Mai Kallo da Mai Wasa

Ba a auna adabi a sarari, sai a inda ake cinsa. A garuruwa irin su Funtuwa da Malumfashi shagon wasa wuri ne na taro: janareta na ruri, yara sun yi layi, ana biya wasa-wasa, kuma wasan ƙwallon ƙafa ne ya fi kasuwa. A irin wannan wuri wasan ban tsoro ba ya kama jiki, domin fargaba tana son kaɗaici da shiru. Inda yake samun mutum shi ne a wayar hannu, da dare, an ɗauke wuta, abin saurare na kunne. Fim ma yana da nasa cikas. Finafinan waje da ake fassarawa da Hausa sau da yawa mai fassara yakan cusa barkwanci, sai wurin da aka gina domin tsigar jiki ta tashi ya koma wurin dariya. Wasa kuwa ba a fassara shi, don haka wanda ba ya jin Turanci yakan rasa wasiƙu da bayanan da ke ɗauke da zurfin labarin, ya tsira da gudu da ɓuya kaɗai.

Abu na biyu shi ne imani. Tsoro mai kwana ba ya samuwa sai abin da aka nuna ya yi daidai da abin da mutum ya yarda yana iya faruwa. Gawa mai tafiya tana cin naman mutane, wadda ta cika wasannin Amurka da Jafan, ba ta da gurbi a tunanin Bahaushe. Tana iya firgita shi, amma da ya kashe na'ura ta tafi. Aljani kuwa yana da gurbi, haka maye mai kama kurwa, haka kukar bayan gari da kufai da juji da ake hana yara zuwa da magariba. Ƙasar Malumfashi tana daga cikin wuraren da Maguzawa suka daɗe da al'adunsu na iskoki, a cikinsu ne ma masanin tarihi Murray Last ya zauna a ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970 yana nazarin cuta da magani. Saboda haka ƙaramin fim ɗin Hausa mai raunin hoto, in ya nuna amarya tana magana da muryar da ba tata ba, yana iya hana barcin da wasan da aka kashe wa miliyoyin daloli bai hana ba. A nan fim ya yi rinjaye a wannan yanki, amma dalilin rinjayen shi ne yana magana da harshen mutane da imaninsu, wasa kuwa har yanzu baƙo ne.

Abu na uku ya fi sauran nauyi. Wannan yanki ya ɗanɗani tsoron da ba shi da takunkumi. A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, saboda matsalar tsaro. A Agusta 2025 aka kai hari masallacin Unguwar Mantau a ƙaramar hukumar Malumfashi lokacin sallar asuba, aka kashe mutane da dama. Yaron da ya taɓa kwana a cikin gonar masara yana jin ƙarar babura, wasan da zai sa shi ya laɓe a ƙarƙashin gado yana sauraren taku ba lalle ya zame masa wasa ba. Wani zai ga abin yara ne ya yi dariya, wani kuwa tsohon miki za a fama masa. Tun da wasa da bakin mutum na ɗaya yake magana, hatsarinsa ga irin wannan yaro ya fi na fim. Yawancin wasannin da aka ambata a sama an yi musu alamar cewa na manya ne, amma alamar ba ta bin wasan idan aka tura shi daga waya zuwa waya. Wannan nauyi ne a kan iyaye da yayye da masu shaguna.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, amsar tambayar ita ce wasan bidiyo yana tsoratarwa tsoro na haƙiƙa, sai dai kowace hanya da fagen da ta fi ƙarfi. A wajen firgita kusan kunnen doki suke, domin jiki ba ya bambanta hoto da zane. A wajen fargaba wasa ya fi, saboda ya ɗora wa mutum alhakin kansa, muddin maimaici bai kai shi ga raini ba. A wajen ƙyama da tsoron da ke tafe da tausayi fim ya fi, saboda fuskar ɗan Adam da kuma ikon mai shiryawa a kan lokaci. A wajen tsoro mai kwana kuwa na'ura ba ta yanke hukunci, kusancin labari da imanin mai kallo shi yake yankewa.

Wannan ya bar wa ɗaliban Hausa aiki iri biyu. Na farko, a tattara kalmomi da salon maganar da matasa suka ƙirƙiro a shagunan wasa, a nazarce su kamar yadda aka nazarci saran 'yan kasuwa da na 'yan tasha. Na biyu, a fara tunanin ranar da wani zai gina wasa a kan kayan gida, ya sa mai wasa ya ratsa kufai da magariba da 'yar fitilar ƙwai, ko ya bi sawun ƙanwarsa har gidan Dodo. Ranar da aka yi haka za a sake buɗe wannan gardama, kuma mai yiwuwa hukuncin kashi na huɗu ya sauya. Wanda zai yi aikin kuwa ya kamata ya koyi darasin gardi tun da wuri, wato ya san irin taron da zai shiga da kurarsa, kuma ya duba takunkumi kafin ya saki sarƙa.